Jibo Mai Fenti da Jamhuriyar Faƙo

Ƙanena Jibo bai taɓa iya yanka kaza ba. Ko da Sallah, idan aka ce ya riƙe ƙafar rago, sai ya riƙe yana kallon bango. A wani gidan wannan abin dariya ne kawai, amma a namu, a Kutawa, abin kunya ne, domin mahaifinmu ɗan tauri ne, mutumin da ke goga wuƙa a wuyansa gaban jama'a yana murmushi. Ni Batula, ni ce babba, ni na gado zafin zuciyar Baba. Jibo bai gaji komai ba sai doguwar ƙafa.

Na san inda abin ya samo asali. Jibo yana ɗan yaro, wata kaka shanu suka shiga gonar Baba suka ci dawa. Baba bai tambayi kowa ba, ya ɗauki adda ya sari makiyayin a kafaɗa. Kafin la'asar 'yan'uwan mutumin suka zo da sanduna suka tare Baba a bakin gona, suka yi ta jibgarsa har ƙashin ƙugunsa ya karye. Taurin bai hana sanda aiki ba. Jibo ne ya kai ruwa gona a ranar, duk abin a kan idonsa aka yi. Ya dawo gida da buta a hannu, ruwan yana ciki, ƙafafunsa duk jinin Baba. Baba ya rayu da ɗingishi har ya koma ga Allah, makiyayin kuma aka ce hannun bai ƙara moruwa ba.

Da ya tasa sai ya tafi Dutsin-Ma ya koyi fenti a bakin tasha. Shi ne mai zana zaki da mikiya a bayan manyan motoci, shi ne mai rubuta allunan shaguna. Hannunsa na dama yana da kyau ƙwarai, yakan ja layi ba tare da ya auna ba. Ni ma bayan rasuwar mijina na koma can, ina sayar da shinkafa da wake kusa da rumfarsa, ina ɗan taɓa ɗinki idan kasuwa ta yi sanyi.

Da aka zo rabon gado, 'yan'uwanmu maza suka san yadda suka yi suka kwashe fadama da jigawa mai kyau, suka bar wa Jibo wani faƙo a gefen hanyar Kurfi. Ƙasa ce mai tauri, ko ƙaya ba ta son fitowa, sai tsamiya guda a tsakiya. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Shi kuwa ya je ya zagaya wurin ya dawo yana washe baki.

"Yaya, ƙasa guda aka ba ni," in ji shi.

Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Ashe da gaske yake. Ya yi ta kwasar duwatsu a baro yana jerawa har ya kewaye faƙon, ya shafe su da farin fenti. Ya kawo mini ƙyalle kore da fari ya ce in ɗinka tuta. Ya kafa allo a bakin hanya, da rubutu mai kyau irin nasa: Jamhuriyar Faƙo. Na ce masa mutum mai mata da 'ya'ya yana wasan yara, ya ce ai manya ma da ke da ƙasashen gaske bai ga abin da suka fi shi ba. Na ɗinka tutar, ina ɗinki ina zaginsa.

Doka ɗaya ce a ƙasar. Duk wanda zai tsallaka fararen duwatsun nan sai ya ajiye abin da zai iya ji wa mutum ciwo: sanda, wuƙa, lauje, adda, har reza. Ya ajiye a bakin iyaka, idan zai fita ya ɗauki abinsa, kuma ba mai taɓa na wani. Sauran duk raha ce. Ana haɗuwa ranar Asabar, a buga dara a gindin tsamiya, a sha shayi, a yi shari'ar ƙarya a yanke wa wanda ya makara hukuncin wanke kofuna. 'Yan acaba suka shigo, da masu faci, da ɗaliban jami'a da suka ga abin ya yi musu daidai da ɗaukar hoto. Kowa Jibo ya ba shi muƙami. Ni aka naɗa Ministar Abinci, wato ni ce mai dafawa, su ne masu ci.

Mutum biyu ne ginshiƙan wurin. Akwai Rabo, ɗan acaba, Ministan Sufuri, mai dariya kamar ana buga ganga. Akwai kuma Audi, Bafulatani makiyayi daga wata ruga ta wajen Kurfi, wanda Jibo ya naɗa Ministan Harkokin Waje saboda kullum yana yawo da shanu. Ran da Audi ya fara zuwa ya daɗe tsaye a bakin duwatsu, domin makiyayi da sandarsa ba sa rabuwa. Daga baya ya sauke ta daga kafaɗa, ya kwance wuƙar da ke ɗaure a damtsensa, ya ajiye, ya shigo yana kaɗa hannuwa kamar bai san inda zai sa su ba. Tun daga ranar bai taɓa zuwa ba tare da jarkar fura daga hannun matarsa Mairama ba. Adda yake kirana, wato yaya a bakin Fulani, kuma shi kaɗai ne a duk ministocin yake cewa sannu da aiki. Shi da Rabo suka zama abokan gaba a dara. Su zauna tun hantsi suna cin juna suna tsokanar juna da maganar gero da nono, har sai na kore su.

Shekaru aka yi a haka. Ban taɓa faɗa wa Jibo ba, amma ina son Asabar.

Sai daji ya lalace. Aka fara da satar shanu, aka koma ɗaukar mutane, aka koma kisa ba dalili. Garken Audi na cikin na farko da aka kora, suka bar shi da 'yan tsirarun da suka ɓace a rafi ranar. Wata ranar kasuwa da rana tsaka, mutanen daji suka tare hanya a kan babura suka buɗe wa motoci wuta. Khalil, ƙanen Rabo, yana ɗauke da fasinja. Harsashi ya same shi a wuya. A bayan a-kori-kura aka kawo shi tasha, an rufe shi da buhun taki, jini yana ɗiga ta ƙasan motar har gaban tukunyata. Rabo ya ɗaga buhun ya duba, ya mayar, bai yi kuka ba.

Bayan sadakar uku ya sayar da babur ɗinsa ya sayi bindiga ƙirar maƙera. Samari suka taru a bayansa, waɗanda aka kashe wa uwa, waɗanda aka ƙona wa rumbu, da waɗanda kawai suke son riƙe bindiga. Ba su iya shiga daji wurin masu laifin ba, sai suka juya kan wanda ke kusa. Aka ƙona rugage. Aka kama wani tsoho, baffan Audi, a kasuwar dabbobi, aka yi masa dukan da ya zubar masa da ido ɗaya, don kawai an ce an gan shi yana sayen burodi da yawa. Fulani suka daina shigowa kasuwa. Mutanen daji kuma suka rama a kan manoma, suka yanka wasu a cikin gonakinsu da fartanya a hannu.

Faƙo ta zama kango. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa, 'yan acaba suka ce hanya ba ta biyuwa, Audi ya daina zuwa, Rabo ya daina zuwa. Wata Asabar daga ni sai Jibo sai tuta. Nan ne ciwon ya kama shi. Mutane suna tunanin yadda za su kwana da rai, ƙanena yana tunanin yadda zai dawo da 'yan ƙasarsa. Ya sayo ludo da ƙwallo. Ya ce shayi kyauta, har da madara. Ya ƙirƙiro sababbin muƙamai har da Ministan Inuwa. Ya zana fuskokin tsofaffin 'yan ƙasa a jikin kwano ya jingina da tsamiya, wai ko kunya za ta kawo su. Ya bi gida gida yana roƙo kamar mai neman ƙuri'a. A yi masa alkawari, ranar Asabar a bar shi da tukunyar shayi.

"Kai wai mi ka ke nema?" na tambaye shi. "Ƙasar gaske ma ta gagara, balle taka ta duwatsu?"

"Yaya, nan kaɗai ya rage da za su zauna tare. In nan ya mutu, ba sauran wuri."

Daga ƙarshe ya je wurin Rabo. Ya san idan Rabo ya dawo, samari za su dawo, idan samari masu bindiga suna wurin, sauran jama'a za su ji ƙarfin zuwa. Rabo ya saurare shi har ya gama.

"Shugaba, ni ban ƙi ba," in ji Rabo. "Amma ba mu aje bindiga a kan dutse mu zauna hannu sake a bakin hanyar nan. Wanda ya aje tashi, gawa ne."

Jibo ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya fito da dabara irin ta shugabanni. Ya ce kowace ƙasa tana da soja, kuma soja ba ya ajiye makami a ƙasarsa. Ya naɗa su Rundunar Faƙo, ya ɗaga Rabo zuwa Ministan Tsaro, ya zana musu tambari, ya kafa musu allo. Dokar tana nan a kan kowa, ban da su. Asabar ta gaba wuri ya cika har ana rasa tabarma. Jibo yana ta zagayawa yana gaisawa, fuskarsa kamar ta ango. Ni kuwa ina zuba abinci ina kallon bindigogi jingine da tsamiyar da ko reza ba ta taɓa zuwa gindinta ba, raina yana ɓaci.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma Jibo ya ce ƙasa ba ta cika ba sai da Ministan Harkokin Waje. Ya sa ranar bikin 'yancin kai bayan an gama girbi, ya hau babur ya tafi har rugar su Audi, wurin da ba Bahaushen da ke zuwa a lokacin. Ya dawo yana murna, ya ce Audi ya yi ta jan ƙafa, Mairama ta yi kuka ta ce kada ya je, amma ya rantse musu cewa a cikin duwatsun nan ba mai taɓa shi.

"Ka gaya mai an canza doka?" na ce.

Ya shiga goge fenti a yatsa.

"Jibo, ka gaya mai su Rabo na shiga da bindiga?"

"In na gaya mai ba ya zuwa, Yaya. Bari dai su ga juna. Su zauna gaban dara, su sha hura a ƙwarya guda, za ki ga Rabo ya dawo Rabon da."

Na ce masa mahaukaci ne, na ce ya koma ya faɗa wa mutumin gaskiya. Ya ce to. Bai koma ba.

Ranar bikin da hantsi, an ɗaga sabuwar tuta, ina bakin murhu daga gefen tsamiya ina kwashe shinkafa. Sai ga Audi ya ɓullo ta hanyar shanu, a ƙafa, ya rame, da jarkar fura a hannu. Jama'a sun yi yawa a gaba, ba ya hango abin da ke gindin itacen. Ya tsaya a bakin duwatsu kamar kullum. Ya sauke sandar daga kafaɗa ya kwantar, ya kwance wuƙar damtse ya ɗora kusa da ita. Ya tsallako yana murmushi yana neman Jibo da ido.

Mutane suka dare, sai ya ga bindigogin. Na ga lokacin da murmushin ya tafi. Ya waiga ya dubi sandarsa, ba ta da nisa, da ya juya da ya kai gare ta. Sai ya dubi Jibo, Jibo ya taho da hannu biyu a buɗe yana cewa maraba da Minista. Audi ya ci gaba da tahowa. Ya gaishe ni, ya ce, "Adda, sannu da aiki," ya ajiye jarkar kusa da tukunyata. Sannan ya juya wurin Rabo, wanda ke zaune gaban ramukan dara da bindiga a cinya.

"Rabo, na ji abin da ya samu Khalil. Ban samu hanyar zuwa ba. Allah shi jiƙan shi."

Rabo ya mayar da ido kan ramukan dara. Wani saurayi daga cikin rundunar, wanda bai taɓa zama a Faƙo ba kafin a ba shi tambari, ya ce ai wannan infoma ne, shi ke kai wa mutanen daji labari, ya zo ƙirga su ne. Wani ya ce haka ne. Ba wanda ya tambayi hujja. Gindin bindiga ya sauka a ƙeyar Audi, ya faɗi a kan gwiwa, ya kai hannu kafaɗa inda sanda ta saba zama.

Suka rufe shi. Gora, gindin bindiga, takalmi, sannan adda. Jibo, wanda bai iya kallon yankan rago, ya kutsa tsakiyarsu ya faɗa a kan Audi ya rungume shi, yana ihu yana cewa doka, doka, kamar akwai mai jin sa. Ya ɗaga hannun dama ya tare wata adda, ta raba masa tafin hannu ta tafi da yatsu. Suka ja shi ta ƙafa suka jefar gefe, ya rarrafo ya koma, suka sake jefar da shi. Ni na ɗauki tukunyar miya da zafinta na watsa musu, wani ya juyo ya buge ni a baki da gora, haƙorana na gaba suka zube a ƙasa. Ina kwance ina kiran sunan Rabo. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsayar da su, yaransa ne. Yana zaune yana kallon ramukan dara har aka gama.

Kafin azahar ba kowa a Faƙo. An bar takalma, an bar kofuna, jarkar fura ta fashe ta gauraya da jini tana bin ƙasar da ba ta shan ruwa. Nan da nan labari ya isa ruga, su Mairama suka kwashi yara suka gudu ba su tsaya ɗaukar ko tabarma ba, don sun san abin da ke biyo baya. Ba mai zuwa karɓar gawa, ba kuma direban da zai yarda ya kai ta. Wani limami daga ƙauyen da ke kusa ya zo da mutum kaɗan, suka yi wa Audi sutura. Jibo ya ƙi yarda a kai shi asibiti sai an gama. Yana zaune da hannu naɗe a cikin tuta ya ce a haƙa a nan, a gindin tsamiya, ƙasarsa ce. Sai da diga ta karye kafin faƙon ya buɗe.

An kama wasu daga cikin samarin, ba a daɗe ba muka gan su suna yawo a kasuwa. Hannun Jibo ya warke a dunƙule. Ba ya iya zana zaki yanzu, sai ɗan rubutun allo da hagu, layin yana karkacewa, masu motoci sun koma wurin wani. Na yi wata da watanni ba na yi masa magana. Ina jin haushinsa har yau, kuma ina tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba. Bai taɓa kare kansa ba, ko sau ɗaya bai ce da ya sani ba, ya dai daina dariya.

Amma duk Asabar yana tafiya. Ya share gindin tsamiya, ya yayyafa wa kabarin ruwa, ya bi duwatsun da farin fenti da hannun hagu. Ya sauke allon Rundunar Faƙo ya ƙona. Sandar Audi da wuƙarsa suna nan inda ya ajiye su. Jibo ya kafa ɗan kwano a kansu saboda ruwa da rana, ya zuba toka kewaye saboda gara, amma bai taɓa su ba. Na koma bin sa, don ba na son ya riƙa zama shi kaɗai a bakin hanyar nan. Wata Asabar muka ga Rabo ya zo ya tsaya a bakin duwatsu da bindigarsa a rataye. Ya daɗe yana kallon sandar. Ya kama igiyar bindigar kamar zai sauke, ya sake ta, ya juya ya tafi. Jibo bai kira shi ba.

A bana muka ji labarin Mairama, wai tana wajen Maraɗi wurin danginta, kuma babban ɗan Audi ya isa kiwo. Na ce wa Jibo ya kamata a aika wa yaron sandar ubansa, ita da wuƙar ne kaɗai gadon da ya bari. Na ce akwai direban da na sani mai zuwa can, ni zan naɗe ta in ba shi. Har na sunkuya zan ɗauka, ya riƙe mini hannu da dunƙulallen hannunsa.

"Bar ta, Yaya. Mai abu shi ke ɗaukar abinshi in zai hita."

Ya juya ya dubi gindin tsamiya.

"Audi bai hita ba."